MOTAR NOMA: BABBA KO ƘARAMA?

A ƙauyukanmu an saba, in wani babban al'amari ya taso wanda ke da takarda da lissafi a cikinsa, sai a ce a kira malamin makaranta, ko kuwa a jira ɗan garin da ke aikin akawu a birni ya zo gida. A 'yan shekarun nan, cikin al'amuran da a ke kawo musu har da zancen sayen motar noma, watau tarakta, wadda waɗansu ke kira tantan. Wani manomi ne ya sami amfanin gona shekara uku a jere, yana neman inda zai sa kuɗinsa su haihu. Wani ma'aikaci ne ya kusa barin aiki, yana tunanin abin da zai yi da kuɗin sallamarsa. Wani lokaci kuwa jam'iyyar gama kai ce ta sami alkawarin rance. Dukansu tambayarsu ɗaya ce: wace iri za mu saya, babba ko ƙarama?

Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce a sayi babba a huta, don wai babba ta iya aikin ƙarama, ƙarama kuwa ba ta iya na babba ba. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma ta jefa mutane da yawa cikin bashi. Akwai kuma waɗanda araha ta ruɗa, suka sayo 'yar ƙarama, damina ta wuce su ba su gama huɗa ba. Tarakta ba riga ba ce, balle in ta yi wa mutum yawa ya kai wa tela ya rage. Wanda ya saye ta ya ɗaure kansa da ita shekara goma ko fiye. Sabo da haka ya kamata duk wanda a ke neman shawararsa ya san yadda a ke auna mota da gona, ya zama daidai ruwa daidai tsaki.

Mene ne ƙarfin doki?

Ba da tsawo ko faɗi a ke auna girman tarakta ba, da ƙarfin injinta a ke aunawa, ma'aunin kuwa shi ne doki. Wani injiniya mutumin Sikotlan mai suna James Watt, wanda ya gyara injin tururi cikin ƙarni na 18, shi ya shigo da wannan awo, domin ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa zai hutar. Ƙarfin doki 1 shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin kimanin kilo 75 sama tsawon mita 1 cikin sakan 1.

To, amma akwai abin lura. A jikin tarakta wuri uku a ke auna ƙarfi. Na farko a inji, shi ne kuwa adadin da mai sayarwa ya ke faɗi, don ya fi sauran yawa. Na biyu a sandar nan ta baya mai juyawa, wadda ke ba injin sussuka ko famfon ban ruwa ƙarfi. Kafin ƙarfi ya iso nan ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100. Na uku a wurin ja, watau abin da ya rage bayan ƙafafu sun yi santsi cikin ƙasa, motar kuma ta ɗauki nauyin kanta. Motar da aka ce doki 75 ce, a sandar baya doki 60 da 'yan kai za ta bayar, cikin ƙasa mai taushi kuwa abin da ke isa ga garma ba ya wuce wajen doki 40. Wanda bai san wannan ba sai ya sayi garmar da ta fi ƙarfin motarsa.

Ruɗin masu saye da adadin doki ba yau aka fara ba. A Jihar Nebraska ta Amurka, a 1919, majalisa ta yi doka cewa ba za a sayar da wata irin tarakta a jihar ba sai jami'a ta gwada ta, ta buga sakamakon kowa ya gani. Wani ɗan majalisa manomi ne ya kawo dokar, bayan ya sayi motar da ta kasa yin abin da aka ce tana yi. Aka fara gwajin a 1920. A nan ƙasar ma, gwada injinan noma yana cikin ayyukan Cibiyar Injinan Noma ta Ƙasa da ke kusa da Ilori. Mai saye yana da haƙƙin ya ce a nuna masa takardar da ta faɗi ƙarfin mota a sandar baya, kada ya tsaya ga lambar da aka rubuta a jikinta.

Hawa-hawan ƙarfi

Kafin a kai ga mota akwai bijimai. Kalmar eka kanta, asalinta a Ingila, ƙasar da shanu biyu za su iya nomewa ne a yini guda, kuma bijimanmu kan huɗe kusan haka a jigawa. Tun wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu, har garmar Emcot ta zama sananniya a ko'ina. Bijimai biyu sun isa gonar hekta 4 ko 5. Suna ba da taki, ba su shan mai, in sun yi shekarunsu na aiki kuma a kan sayar da su da tsada fiye da yadda aka saye su. Babu motar da ke yin haka.

Sai tarakta mai ƙafa biyu, wadda mutum ke riƙewa yana bin ta a baya. Ƙarfinta doki 8 zuwa 15, tana iya gyara rabin hekta zuwa hekta 1 a yini. Wurinta shi ne ƙananan fangalin shinkafa da na kayan lambu, irin na Kadawa da Bakolori da fadamun Kabi, inda babbar mota ba ta da wurin juyawa. Tana jan 'yar tirela, injinta kuma yana iya juya famfo.

Daga nan sai masu ƙafa huɗu. Ƙananansu doki 20 zuwa 35 ne, sun dace da ƙasa mai sauƙi da ɗaukar kaya. Matsakaita doki 45 zuwa 60, irin su tsohuwar Massey Ferguson 135 da 240, suna jan garma mai faifai 2, a ƙasa mai laushi ma har 3. Manya doki 65 zuwa 90, irin su Massey Ferguson 375, su ne aka fi gani a ƙasar nan, suna jan garma mai faifai 3 ko 4. Waɗanda suka haura doki 100 kuwa na gonakin da a ke ƙirga hektocinsu da ɗari-ɗari ne.

A auna gona, a ƙirga kwanaki

Abin da za a fara yi shi ne a auna gonar. Manomi ya kan ce gonarsa eka 50 ce, in aka zagaya ta da igiyar awo ko da wayar hannu mai nuna taswira sai a iske ba ta kai 30 ba. Hekta 1 murabba'i ce mai mita 100 kowane gefe, watau kusan eka 2 da rabi.

Na biyu, a ƙirga kwanakin aiki. Ba duk shekara a ke huɗa ba. Da rani ƙasa ta bushe ta yi tauri, in ruwa ya zauna kuma shuka ba ta jira. A ƙasar Kano da Katsina damina wata 4 ce, daga Yuni zuwa Satumba, sabo da haka kwanakin da ke tsakanin saukar ruwa da ƙurewar lokacin shuka ba su cika wuce mako 2 ko 3 ba, a ciki ma sai an fid da ranakun da ƙasa ta jiƙe ƙwarai da ranar da mota ta lalace. A kudancin Zariya da ƙasar Nufe, inda ruwa ke sauka tun Afrilu ko Mayu, an fi samun sarari.

Na uku, a lissafa abin da mota za ta iya yi a awa guda. Lissafin mai sauƙi ne, har ya dace malamai su ba 'yan babban aji su yi. A ɗauki faɗin abin da garma ke yanka a mita, a ninka shi da gudun mota a kilomita cikin awa, a raba da 10. Abin da ya fito shi ne hekta a awa. Dalilin 10 ɗin nan kuwa shi ne, kilomita mita 1,000 ce, hekta kuma murabba'in mita 10,000 ce. Sa'an nan a cire kashi 1 cikin 4 na amsar, sabo da juyawa a bakin gona, da zuba mai, da kakkaɓe ciyawa daga garma.

Bari mu gwada da gona mai hekta 12, watau wajen eka 30, mai ita yana so a gama kaftu cikin kwana 10. Matsakaiciyar mota da garma mai faifai 2 tana yanka wajen rabin mita da ɗan ɗori, mu ce 0.55, tana tafiyar kilomita 5 a awa. In an ninka, an raba, an cire kashi 1 cikin 4, za a sami wajen hekta 0.2 a awa. Hekta 12 za su ci awa 60, watau kwana 7 da rabi in ana aikin awa 8 a yini. Ashe ta isa. Babbar mota da garma mai faifai 3 tana yanka mita 0.8, tana yin hekta 0.3 a awa, ta gama cikin awa 40, watau kwana 5. Duk abin da mai gonar zai samu in ya ƙara kuɗi ya sayi babbar shi ne kwana 2 da rabi, waɗanda ba ya bukata.

Yanzu a mai da gonar hekta 40. Matsakaiciyar za ta ci awa 200, kwana 25 ke nan, lokacin shuka ya wuce. Babbar za ta ci wajen awa 133, kusan kwana 17. A nan babbar ce ta dace, har ma a kan bar garmar faifai a yi haro kawai inda ƙasa ta yarda, domin haro mai faɗin mita 2 yana cin wajen hekta 1 a awa. Ka ga ke nan gona da kwanaki su ke zaɓen mota.

Ƙasa ma tana da magana

Hekta 10 a jigawa da hekta 10 a fadama ba aiki ɗaya ba ne. Kowane faifan garma yana neman doki 15 a ƙasa mai rairayi, amma a laka mai danƙo sai ya nemi 25. Baƙar ƙasar firki ta gefen Tafkin Cadi, in ta bushe kamar dutse ta ke, in ta jiƙe kuma ta riƙe ƙafar mota. A irin wannan wuri, da fadamun shinkafa, motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja ta fi wadda ta fi ta doki amma ƙafafun baya kaɗai ke ja, domin doki nawa duk a ke da shi, in ƙafa tana juyawa wuri ɗaya mai kawai a ke ƙonawa.

A jigawar arewa kuwa haɗarin na daban ne. Ƙasar sama mai albarka ba ta da kauri. In aka sa babbar garma ta nutse ƙwarai, sai ta binne mai kyau ta tono maras kyau, ta kuma bar gona a sake, iskar farkon damina ta kwashe. Irin wannan ƙasa haro da huɗa sun ishe ta, su kuwa ba su neman babbar mota. Nauyi ma abin dubawa ne. Mota mai doki 75 ta kai wajen tan 2 da rabi, waɗanda suka haura doki 100 sun ninka haka. In mai nauyi ta yawaita bin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta daddale ta, ruwa ya kasa shiga, saiwa ta kasa nutsewa.

Sai kuma siffar gona. Rabon gado ya mai da gonaki da yawa ƙanana, mutum guda yana da biyar a wuri biyar. Cikinsu akwai gawo da ɗorawa da kaɗanya waɗanda ba mai hankalin da zai sare, akwai kututture da ke karya faifai ya fasa taya. A irin wannan gona, kashi 1 cikin 4 ɗin da muka cire ya kan koma rabi, don mota ta fi daɗewa tana juyawa bisa ga yadda ta ke aiki. Gwargwadon girman mota gwargwadon hasarar. A duba kuma hanyar zuwa gonar, ko burtalin zai ɗauki mota da tirela, ko akwai kwari ko 'yar gada a tsakani.

Mota da kayan aikinta

Tarakta ita kaɗai ba ta noma, ja kawai ta ke yi. Kuɗin garma da haro da abin huɗa da tirela tilas su shiga lissafi tun farko, kayan babbar mota kuwa sun fi tsada. A bayan kowace tarakta akwai hannuwa uku da a ke maƙala kayan aiki, dabarar da Harry Ferguson na ƙasar Ailan ya kammala, ta fara yaɗuwa a 1939. Waɗannan hannuwa aji-aji ne. Na ƙananan motoci ƙusar da ke shiga cikinsu kaurinta wajen milimita 22 ne, na manya wajen 28. Sau da yawa a kan sayo mota a wani gari, garma a wani, sai an kai gona a iske ba su haɗuwa. Haka kuma tazarar ƙafafun mota tilas ta yi daidai da kunyoyi. In tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, sai a gyara ƙafafu su zama mita 1 da rabi, su bi kwari, don kada su take shuka.

Motar da ke tsaye ma tana ci

Ga babban dalilin da ya sa babbar mota ke karya ƙaramin manomi. Kuɗin tarakta iri biyu ne. Akwai wanda ke fita sa'ad da ta ke aiki: man gas, da baƙin mai, da ladan direba, da gyara. Mai doki 75 ta kan sha wajen lita 10 a awa in tana kaftu, mai doki 50 wajen lita 6 ko 7. Akwai kuma wanda ke fita ko tana tsaye a rumfa, watau tsufanta da ruwan bashin da aka sayo ta da shi.

Farashi kullum canzawa ya ke yi, amma domin misali mu ce an sayi mota da kayanta naira miliyan 30, ana sa ran ta yi shekara 10. Kowace shekara miliyan 3 sun tafi a tsufa. Mu ce ruwan bashi da sauran ƙananan abubuwa sun ci waɗansu miliyan 3. Miliyan 6 ke nan a shekara, ko ba a tayar da inji ba. In motar ta yi aikin awa 1,000 a shekara, kowace awa ta ɗauki naira 6,000 daga ciki. In awa 200 kaɗai ta yi, kowace awa ta tashi naira 30,000, ban da mai da direba. Gonar nan mai hekta 12 kuwa, da kaftu da haro da huɗa da kwasar amfani duka, da wuya ta ba mota aikin awa 200.

Sabo da haka duk mai shirin saye ya rubuta a takarda, wata bi wata, aikin da motar za ta yi: noman haya a gonakin maƙwabta, kai taki gona da bazara, kwaso dammuna da kaka, juya injin sussuka, noman rani a fadama. Waɗansu masu haya su kan bi ruwa, su fara aiki a kudu inda damina ke riga sauka, su yi ta matsowa arewa har su iso gida. In aikin da aka rubuta bai kai awa 600 ko 700 ba, to, motar ta yi wa mai ita yawa. Wanda haya ce za ta zama sana'arsa, shi ne ke da hujjar sayen babba ko da gonarsa ƙarama ce, muddin ya tabbata akwai masu biya.

Abin da ya faru a Kongwa da Mokwa

Gwamnatoci ma sun taɓa faɗawa cikin wannan rami. A 1947 Gwamnatin Ingila ta fara wani ƙasaitaccen shiri na noman gyaɗa a Afirka ta Gabas, fiye da eka miliyan 3, mafi yawansu a Tanganyika, wadda ta zama Tanzaniya. Aka kwaso manyan motoci ragowar yaƙi, har da tankokin yaƙi da aka mayar na noma. A Kongwa saiwoyin daji suka gagari motocin, ƙasa ta bushe ta cinye bakin garemani, ruwan sama ya yi ƙaranci, wuraren gyara suka kasa. A 1951 aka bar shirin bayan an yi hasarar fiye da fam miliyan 30.

A nan gida kuma, a 1949 aka buɗe wani shiri a Mokwa, inda motoci ke share daji su nome, a ba kowane mai gida fiye da eka 20 ya kula da su. Mota ta yi nata, amma cire ciyawa da girbi suka rage a hannun mutum da fartanyarsa, iyali guda kuwa ba su iya nome eka 20 kafin ciyawa ta rufe shuka. A 1954 kamfanin da ke cikin shirin ya janye. Darasin Mokwa har yau yana nan. Wanda ya sa babbar mota ta huɗe masa hekta 40, ya tambayi kansa wa zai yi noman farko da maimai, wa zai yi girbi, ina kuɗin taki da iri. Gonar da aka huɗe aka kasa nomewa ta fi wadda aka bari saura hasara.

A ɗaya gefen, motar da ta sauya noman Ingila bayan yaƙi 'yar ƙarama ce mai ruwan toka, ƙirar Ferguson, wadda ƙarfinta bai kai doki 30 ba. Daga 1946 zuwa 1956 an ƙera fiye da 500,000. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa ƙera taraktoci, gonar talaka a can wajen hekta 1 ce, mafi yawan motocin da a ke sayarwa kuma ba su wuce doki 50 ba, masu su na yi wa maƙwabta noman haya. A Bangaladash, tun da gwamnati ta sauƙaƙa shigo da ƙananan injina a 1988, masu ƙafa biyu suka yaɗu har su ke gyara mafi yawan gonakin ƙasar. Waɗannan ƙasashe sun auna mota da gonakin mutanensu.

Gyara, direba da lafiyar jiki

In motoci biyu sun yi kusan daidai a lissafi, a zaɓi wadda makanikin garin ya sani, wadda kuma a ke samun kayan gyaranta a kasuwar da ba ta wuce tafiyar yini ba. Mota mai doki 90 da ta kwana 10 tana jiran wani ƙarfe daga Ikko a tsakiyar Yuni, mai doki 45 da ke aiki ta fi ta nesa ba kusa ba. Mai sayen tsohuwa ya tafi da makaniki, a tayar da ita da sanyin safiya, a duba hayaƙi, a maƙala mata garma a ga ko tana ɗagawa ta riƙe, sa'an nan a gwada ta a gona. A tambayi kuɗin tayar baya ma, domin na babbar mota ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙaramar mota kuma tana da nata haɗarin in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Tirelar da aka labta wa kaya ta fi motar nauyi, a gangare sai ta tura ta, burki ya kasa. Garma mai nauyi tana ɗaga gaban mota har sitiyari ya daina aiki. Kifewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe direbobin tarakta, shi ya sa tun 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta ƙarfen kariya bisa kan direba a sababbin motoci. A nemi mai wannan ƙarfe. Kada kuma a bar yara su zauna bisa murfin taya, ko da nan da can ne.

Shawara a taƙaice

In za a dunƙule maganar, ga yadda ta ke, ko da ya ke kowace gona da halinta. Mai hekta 5 ko ƙasa da haka a tudu, bijimai ko haya sun fiye masa. Mai 'yan fangali a fadama ya duba mai ƙafa biyu. Mai hekta 10 zuwa 25, wanda ya sami aikin haya da na ɗaukar kaya, matsakaiciya ta ishe shi. Wanda ya kai hekta 30 zuwa 50, ko ƙasarsa laka ce, ko haya ce sana'arsa, shi ne na mai doki 65 zuwa 90. Inda ba wanda ya kai shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai a haɗa kai a saya. Amma fa tun kafin mota ta iso a rubuta wanda za a fara yi wa da wanda zai biyo, da abin da kowa zai biya a kan hekta, da wanda zai riƙe littafin awoyi da mai, domin kowa a mako guda ya ke son ta.

A nan ne aikin ya dawo kanku, malamai da akawuna. In an zo muku da wannan tambaya, kada ku yi saurin ambaton sunan mota. Ku ce a kawo awon gona, a faɗi irin ƙasarta, a ƙirga kwanakin huɗa da hannuwan da za su yi noma, a kuma gayyato malamin gona. Awa guda da fensir da takarda ta isa ta nuna wa mutum dokin da zai iya ciyarwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.